Agogon da Na Sayo wa Garba

Garba ƙanena ya ce ni ɓarauniya ce, kuma ba a ɗaka ya faɗa ba. Saƙon murya ya yi, ya jefa a zauren danginmu na waya, inda 'yan uwanmu na Zugu da na Tungar Daji da na Gummi kowa ya danna ya saurara, wasu har sau biyu. Ya ce ya aike ni Dubai in sayo masa agogo, na sayo jabu na danne sauran kuɗin. Ni na goye shi a bayana. Ban yafe wannan magana ba, kuma ba na jin kunyar cewa ban yafe ba.

Sunana Luba, haihuwar Yargalma, zaune a Bukkuyum tare da Innarmu. Sai da na haura arba'in na riƙe fensir. A shekarar gubar dalma, lokacin da muke niƙa dutsen zinariya a tsakar gida yara suna wasa cikin ƙurarsa, likitoci suka miƙo mini takardar jinin 'yata Hauwa'u. Na riƙe ta a juye, ina kallo kamar mai karantawa. Abin da ke jikin yarinyata yana rubuce a hannuna, ban san shi ba har ta rasu. Bayan an share makoki na shiga ajin yaƙi da jahilci. Tun daga nan ba na yar da takarda mai rubutu, ko ta maganin ciwon kai ce.

Abu na biyu da na iya shi ne zinariya. Mijina, Allah ya jiƙansa, yana saye a hannun masu haƙa, kuma ya bar mini baƙin dutsensa na gwaji, ɗan ƙarami, ya yi sulɓi don amfani. Ka goga ƙarfe a kansa ya bar zane, zanen nan ya gaya maka gaskiya. Garba a wurin mijina ya koyi sana'ar. Yanzu yana da shago a Anka, da sikeli biyu, da tumbi.

Da ya ji zan bi Hajiya Ladi ta Gummi zuwa Dubai in fara saro gyale da turare, sai ga shi a Bukkuyum da hoto a waya. Agogo ne na zinariya, fuskarsa kore, a hannun wani Alhaji na Abuja da yake kai wa kaya. Ba zan rubuta sunan kamfanin ba, ba su biya ni talla ba.

"Yaya, irin wanga nika so."

"Ka yi mi da shi? Wayarka ta daina hwaɗin lokaci?"

"Ba zancen lokaci na ba. Manyan nan hannunka suka duba kahin su dubi kayanka. Ke kin iya karatu, kin san zinariya. Ba mai cutar ki."

Na ce to. Wannan "to" ita ce ta ja mini komai.

Ba zan ɓata takarda da labarin fita ba. A Adis Ababa na fara sanin na bar gida. Jirginmu ya makara, wanda za mu canza ya tafi ya bar mu, muka wuni a kan kujerun ƙarfe cikin sanyi. Ƙafafuna suka kumbura har silifas ya ƙi shiga. Da azahar na je alwala na tarar da famfo ba marfi, ba abin murɗawa. Na danna, na ja, na buga masa tafi, ko ɗigo. Ina tsaye kamar wadda aka dasa, sai wata mai shara, siririya da gicciye a wuya, ta ajiye tsintsiyarta ta kama hannuna ta tura ƙarƙashin famfon. Ruwa ya zubo. Na zabura, ta yi dariya, ni ma na yi. Can bayan la'asar ta zo wucewa ta ajiye mini burodi a cinya ba ta ko tsaya ba. Ban san sunanta ba. Har yau in na yi addu'ar matafiya ina saka ta.

Masaukinmu a Dubai ɗaki ɗaya ne a unguwar Deira, mu takwas, gadaje masu hawa biyu, kayan kowa a ƙarƙashin kanta. Ni sabuwa ce, don haka gadon sama aka ba ni, daidai bakin na'urar sanyi. Kwana biyu na kamu da tari. A waje kuma zafi ne irin wanda ban taɓa sani ba, mai danshi, kamar an kifa maka tukunyar dambu a fuska. Abinci shinkafa, gobe shinkafa, jibi shinkafa da wani yaji mai ƙamshin turare. Na riƙa tuna tuwon dawa da miyar kuka har yawuna ya tsinke.

Na kira gida ta wayar maƙwabciyarmu ta Bukkuyum. Ni ce 'yar farin Inna, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni, ba ta yabona a gaban mutane, ba ta shiga faɗana. Haka al'adarmu take, kuma Inna ta riƙe ta da haƙori. Da aka kara mata wayar sai ta ce, "Hajiya Ladi lahiya take? Tana samun abinci? A ce ta riƙa ruhe ƙirjinta, na ji ana tari." Hajiya Ladi lafiyarta ƙalau, tana gefe tana cin dabino. Na kashe wayar na juya fuska bango.

A rana ta uku muka je babban kantin masu agogon. Gilashi tun daga ƙasa har sama, mai gadi a ƙofa, sanyi da shiru kamar asibiti. Wani saurayi mai farar safar hannu ya dubi hijabina, ya dubi silifas ɗina, sannan ya dubi hoton da na nuna masa. Ya yi magana a hankali, da ladabi, Hajiya Ladi tana fassara mini. Wai wanda ke cikin gilashi na kallo ne. Wai sai dai in rubuta suna in jira, wataƙila shekara, wataƙila fiye, kuma ba alkawari.

Na ce, "Tambaye shi, kanti na ko gidan kallo? Ga kaya, ga mai saye, mi ya rage?"

Hajiya Ladi ta ja hijabina. "Ke Luba, nan ba kasuwar Gummi ta ba. Taho mu tahi."

Washegari ita ta tafi wajen masu atamfa, ni na fita ni kaɗai, ina bin layin masu zinariya da hoton a hannu. Sai na ji an ce a bayana, "Hajiya, sannu da rana. Daga wane gari?" Wanda bai yi kwanaki cikin yaren da ba ya ji ba, ba zai gane abin da wannan gaisuwa ta yi mini ba. Na juya. Mutum ne mai kamar shekara talatin da biyar, da hula zanna da carbi, ya ce sunansa Ɗanjuma. Da na ce Bukkuyum sai ya dafe ƙirji.

"Allahu akbar! Ai kakata 'yar Gummi ce. Ke uwata ce, Hajiya. Wallahi ba zan bari a cuce ki a garin nan ba."

Ya saya mini ruwan sanyi. Ya karɓi jakata ya riƙe. Ya dubi hoton ya yi murmushi, ya ce waɗancan na babban kanti wulaƙanta baƙar fata kawai suke yi, shi ya san inda kayan ke fitowa ta bayan gida, a rabin kuɗi. Na bi shi. Muka ratsa lungu, muka hau wani matsattsen bene mai warin sigari, muka shiga ɗaki mai labule har ƙasa. Maza biyu suna ciki. Ɗaya ya murɗa makulli bayan mun shiga.

Suka fito da shi. Akwati mai nauyi, ciki da laushi kamar gashin jariri, ga kati, ga ɗan littafi, ga agogon kwance yana walƙiya, fuskarsa kore, daidai da hoton Garba. Ɗanjuma ya ce, "Kin gani? Komai cikakke. Kira mai canjin ya turo, mu gama kafin azahar." Garba ya riga ya tura kuɗinsa wurin wani ɗan canji a garin, kira ɗaya zan yi a biya.

Na kwance bakin zanena na fito da dutsen.

"Wannan fa, Hajiya?"

"Mijina na. Shi ka yi min ciniki."

Kafin su gane, na goga gefen agogon. Zane ya fito rawaya. Na ƙara dannawa, na goga sau uku a wuri ɗaya, sai rawayar ta ƙare, fari ya biyo baya, fari irin na kwanon sha. Na cire ɗan kunnena na ja layi kusa da shi. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci.

Ɗakin ya kacame. Mazan nan suka hau ihu da yarensu, ɗaya yana nuna agogon yana nuna ni. Ɗanjuma ya daina cewa uwata. Ya ce na lalata kayan mutane, sai na biya, in ba haka ba ba mai fita. Tsoro ya kama ni, ba zan yi ƙarya ba, har fitsari na ji. Amma na binne 'ya, na binne miji, ɗaki mai labule ba zai gama da ni ba. Na zauna daɓas a ƙasa, na cire hijabi na ɗaure a ƙugu, na buɗe murya irin wadda nake kiran awaki da ita daga bakin rafi.

"A kira 'yan sanda! Ni ka son a kira su! Su zo su ga kwanon da kuka sayarwa da sunan zinariya! Kai kuma, kakarka ta Gummi, wace unguwa? Hwaɗi in ji! Ɗan banza maƙaryaci, mai saida uwatai da ruwan sanyi!"

Aka fara buga bango daga maƙwabta. Wanda ya kulle ƙofar ya buɗe ta da sauri, Ɗanjuma ya jefo mini jakata. Na sauka benen, na zauna a bakin titi cikin rana na yi kuka, ba don tsoro ba, don gaisuwar nan da ya yi mini da harshen gida.

Darasin da na ɗauka a ranar shi ne akwati ƙarya ne, kati ƙarya ne, dutse kaɗai ke faɗin gaskiya. Rabin darasin daidai ne. Ɗaya rabin shi ya kai ni inda nake.

Ɗan canjin ne daga baya ya kwatanta mana wani tsoho ɗan Pakistan mai ɗan shago kamar akurki, yana gyaran agogo yana kuma sayar da waɗanda masu su suka saya suka fasa ɗaurawa. Yana da irin na Garba, ba a taɓa ɗaura shi ba, amma ya fi na babban kanti tsada, tunda babu jira. Na kira Garba, ya ce ko nawa ne a biya.

Tsohon bai yi gaggawa ba. Ya aika aka kawo mana shayi mai madara da citta, shayin da ya fara sassauta mini tari. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya buɗe bayan agogon da wani ɗan ƙarfe, ya maƙala mini gilashinsa a ido. Na ga ƙananan ƙafafu suna juyawa, da wani ɗan zobe yana kai da komo da sauri kamar zuciyar ɗan tsako. Na tambayi inda batir yake. Ya yi dariya, ya kaɗa hannunsa sama da ƙasa. Hajiya Ladi ta ce, "Wai ba shi da batir. Motsin hannu shika ci. In an aje shi kwana biyu ba a ɗaura ba sai shi yi barci, sai an motsa shi shi tashi."

Sannan ya nuna mini lamba a jikin agogon, ƙanana ƙwarai, ya miƙo kati ya ce a duba. Hajiya Ladi ta kai hannu, na riga ta. Na karanta da kaina, harafi harafi, lamba lamba, da Turancin ajinmu na yamma. Suka dace. Tsohon ya tafa mini kamar malamarmu.

Da na fito da dutsen sai fara'arsa ta ɗauke. Ya kifa hannu biyu a kan agogon kamar mai kare jariri daga rana. Ya yi magana mai tsawo, Hajiya Ladi ta fassara duka, ba ta rage ba. Ya ce wannan ba zinariyar awo ba ce. Ya ce tabo ɗaya yana zubar da darajarsa, kuma akwatin da katin suna cikin abin da aka biya, in babu su masu saye za su yi ta zargi. Na ji. Ban yarda ba. Ai jiya na ga akwati da kati a ɗakin 'yan damfara. Na mayar da dutsen, aka biya, ya raka mu har bakin ƙofa yana dafa ƙirji.

Da safe, bayan matan ɗakin sun fita kasuwa, na zauna a gadona na sama da agogon a cinya. Kuɗin da ke jikinsa ya fi gonakin gidanmu gaba ɗaya, kuma amanar ƙanena ce. In ce masa me? Wani tsoho ya ba ni shayi, na yarda da shi? Ɗanjuma ma ruwa ya ba ni. Na juya gefen agogon na goga, na danna sosai, sau uku. Rawaya ta fito, ta zauna, ba ta canza ba. Na yi hamdala. A gefen agogon kuma ga tabo, siriri, kamar yankan farce. Wannan aikina ne, da hannuna na yi, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Ranar haɗa kaya Hajiya Ladi ta ɗaga akwatin ta auna a hannu. "Wanga shi ka tona miki asiri a hilin jirgi. Da sun gan shi sai kuɗin hito, kuma ba kaɗan ba. Yar da shi, ki ɗaura agogon a damtse, hijabi shi ruhe. Haka kowa ka yi." Shekararta goma sha wani abu tana wannan hanya, ni ko sati biyu ban cika ba. Kuma zuciyata ta riga ta raina akwati. Na ba matar da ke share mana ɗaki, ta yi murna, ta ce za ta riƙa zuba allura da zare. Katin ma Hajiya ta ce in yaga. Na kai hannu, na ga rubutu, na kasa. Na tura shi cikin littafin karatuna.

A Kano dabarar ba ta yi ba. Wata ma'aikaciyar kwastan ta shafa jikina, hannunta ya tsaya a damtsena. Ta ce, "Mama, ɗaga hijabin." Ba ta zage ni ba, ba ta nemi na goro ba. Ta dai ce agogon maza a damtsen tsohuwa ba na kwalliya ba ne. Aka kai ni ofis, aka duba littafi, aka yanka kuɗin fito. Na kira Garba har wayata ta yi zafi, layin Anka ba ya shiga. Muka wuni a kan benci. Da la'asar Hajiya Ladi ta ce za ta karɓi ɗaurin gyalena da turarena a yadda na saro, in biya da kuɗin. Haka aka yi. Aka ba ni rasit, na karanta shi, na saka kusa da katin. Na fita daga filin jirgin da jakar tufafina kawai. Sana'ar da na je farawa ta ƙare a kan bencin nan, akwatin da na yar kuma na yar da shi a banza.

Daga Gusau zuwa Anka direba ya ce mata su cire 'yan kunne, kowa ya ɓoye waya. Akwai wani daji da in an shiga ba mai magana, sai leɓɓa ke motsi. Ni ina tsakiya a matse, agogon yana damtsena, gumi ya jiƙa shi, ina jin bugunsa a jikin fatata. Na riƙa tunanin in ɓarayin daji suka tare mu suka gan shi, ba za su yarda ni talaka ce ba. Nawa za su nema a kaina, kuma wa zai biya? Kowane babur da ya fito daga gefen hanya sai na bi shi da ido.

Garba ya ja ni ɗakin bayan shago, ya kulle ƙofa, ya ɗaura. Ya yi tsalle kamar yaro ranar salla. "Yaya, Allah shi biya ki! Yaya, kin gama min komi!" Na fara yi masa bayanin motsin hannu, da tabon, da katin, da abin da ya faru a Kano. Yana ta ɗaukar hoton hannunsa, yana cewa "e, e, to, to." Ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Da ya gama sai ya cire ya naɗe a ƙyalle ya kulle a akwatin ƙarfe. Na ce ba za ka ɗaura ba? Ya dube ni kamar na haukace.

"A Anka? Infoman ɓarayin daji su gani? Sai in za ni Abuja."

Abin da na tsallaka ƙasashe na ɗauko ke nan, agogon da ba ya rayuwa sai a hannu, na kawo shi garin da ɗaura shi zai iya sa a ɗauke mutum. Na gaji ƙwarai, ban iya ko dariya ba. Na hau mota zuwa Bukkuyum, na kwanta kwana uku da zazzaɓi.

Bayan kwana goma ya buɗe akwatin ƙarfen ya tarar agogon ya tsaya cik. Maimakon ya kira ni, sai ya ɗauki hotonsa ya tura wa Alhajin nan na Abuja. Alhaji ya tambaye shi ina akwati, ina kati, wannan tabon na mene ne, sannan ya yi masa dariya. Dariyar ce ta ƙona shi, na san ƙanena.

Ina bakin turmi da la'asar ina sussukar gero saƙon ya shigo. Na danna, muryarsa ta cika tsakar gida.

"Jama'a ku shaida. Na ba Yaya Luba amana, ta kawo min mataccen agogo, ba akwati, ba takarda, ga tabo awa an tsinto shi bola. Jabu na. Ta san inda ta kai kuɗɗina. Wadda munka ɗauka uwa, ashe ɓarauniya ta."

Inna tana zaune a tabarma tana tsince wake. Ta ji duka. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ban sa rai za ta yi magana ba. Garba ɗan auta ne, shi ana iya kiran sunansa, ana iya yi masa kuka. Ni kuwa ko an yanka ni a gabanta, al'ada ta ce ta dubi gefe.

Kafin magariba waya ta yi ta ƙara. Gwaggonmu ta Zugu ta ce in akwai saura in mayar masa a rufa asiri. Wata ta ce ai Dubai ruɗin ido gare ta, kowa na iya zamewa. Matar da ta saba kawo mini 'yan kunnenta in duba mata kafin ta saya ta wuce ƙofar gidanmu ba ta leƙo ba. Ba ni da gona, ba ni da miji, gyalen ma babu. Abu ɗaya nake da shi a ƙasar nan, in Luba ta ce zinariya ce, to zinariya ce. Na ɗauki wayar zan mayar masa da amsa, na ajiye. Maganar waya iska ce, kowa zai zaɓi wadda zai yarda da ita.

Da asuba na idar da salla na fito, na tarar da kwanon kunu a bakin ƙofata. Kusa da shi ga dutsen gwajin, an ciro shi daga cikin kayana an ƙulle a sabon ƙyalle. Inna tana bakin murhu ta ba ni baya. Ta yi magana da bango.

"Mai zuwa Anka shi tashi da wuri. Rana na yi."

Na sha kunun. Na ɗauki littafina da dutsen.

Na isa shagon da hantsi, lokacin da masu haƙa suke layi da 'yan ƙullinsu, ƙura har gira. Waɗansu sun san mijina. Garba yana bayan sikeli, da ya gan ni ya miƙe.

"Yaya, mu shiga ciki."

"A ciki ka hwaɗi? Ɗauko shi nan."

Ya duba layin, ya duba ni. Ya san zan iya tsayuwa a wurin har la'asar ina ɗaga murya. Ya shiga ya fito da shi a dunƙule cikin ƙyalle. Na ɗaura a hannuna, na shiga juya hannun kamar mai tuƙin tuwo. Aka fara dariya a layi. Ban kula ba, na ci gaba har kafaɗata ta yi tsami, sannan na miƙa wa wani dattijo da ke gaba. Ya kara a kunne, ya zaro ido.

"Wallahi ya tashi. Shina tahiya."

Na buɗe littafina na ciro katin. Na ba Garba gilashin da yake duba zinariya da shi, na nuna masa inda lambar take, na karanta daga katin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, yana bi da ido. Da na kai ta ƙarshe bai ɗago ba. Na ajiye rasit ɗin Kano a kan sikelinsa.

"Akwati ni na yar, tabo ni na yi. Waɗanga biyu laihina na, ka hwaɗa ma duniya. Saura guda."

Na kwance ƙyallen Inna. Da ya ga dutsen sai ya kai hannu da sauri.

"Yaya, don Allah, kar ki ƙara mai wani tabon!"

"In jabu na, mi kaka tsoro?"

Ya janye hannun. Na juya gefen agogon, daidai kan tsohon tabon, na goga sau uku. Na ɗauki kwalbar ruwan gwajinsa, tasa ta kansa, ruwan da ke cinye zanen da ba zinariya ba, na ɗiga a kan zanen. Masu haƙa suka matso, kawunansu suka haɗu a kan dutsen. Mutanen nan ba su san kati ba, ba su san Abuja ba, amma wannan kotun sun san ta. Ruwan ya zauna a kan zanen. Muka jira. Rawayar ba ta gushe ba.

Dattijon ya ce, "Garba, ka ji kunya."

Na cire agogon na ajiye masa a kan rasit. Na ƙulle dutsena. Sannan na fito da wayata, na buɗe zauren dangi, na danna wurin ɗaukar murya, na kai ta daidai bakinsa.

"Inda ka ɓata, nan za ka gyara. Yi magana, tana ɗauka."